Kafin ka taɓa wayar mutane, koyi like da dalma

(Wannan jawabi ne da wani ɗan uwanmu mai gyaran kayan lantarki ya yi a zaman matasa na ranar Asabar a Maraɗi. Mun rubuto shi don waɗanda ba su samu zuwa ba.)

Na gode wa shugabannin ƙungiya da suka ba ni wannan lokaci. Ni ba gwanin jawabi ba ne, aikina a kan tebur yake, don haka in na yi tuntuɓe ku yi mini haƙuri.

An ce in yi magana a kan sana'ar hannu. Na ce gara in ɗauki abu guda da na sani in warware shi, wato like da dalma a kan allon na'ura. Allon nan shi ne koren farantin da kuke gani in an buɗe rediyo ko salula ko caja, wanda mu a atiliye muke ce ma plak. Ƙarfen da ake narka dalmar da shi kuma fer muke ce mishi. Duk wanda zai shiga gyaran waya, ko telebijin, ko fitilar rana, ta wannan ƙofa zai shiga.

Bari in fara da ɓarnar da na yi, don ita ce ta koya mini.

Bayan na bar lakkol na yi kusan shekara biyu ina zaman fada ina jiran konkur. Da zama ya ishe ni, kawuna ya kai ni wurin wani mai gyara kusa da kasuwa. Wata uku ina kallo, ina share tebur, ina sayo shayi. A raina na ce ai wannan abu ba wuya, ka narka ka ɗiga ne kawai. Ran nan maigidana ya tafi ta'aziyya, sai ga wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da ƴar wayarta ta maɓallai, ba ta ɗaukar caji. Ta ce, "Ɗana, ka duba mini ita da kyau. Lambobin masu saye na duk suna ciki, da hotunan jikokina." Na ce, "Inna, zauna, minti goma ne."

Na buɗe wayar. Ƙafa ɗaya ce ta bakin caji ta saki, aikin da yau zan gama kafin shayi ya huce. Na narka dalma a bakin fer, na ɗauko ta kamar mai ɗiban miya, na ɗora a wurin. Ta ƙi kamawa. Na ƙara wata, ta dunƙule. Na danna da ƙarfi, na daɗe ina dannawa, sai na ga ɗan jan ƙarfen da ke manne da allon ya ɗago ya biyo fer. Dalmar da na tara kuma ta malala ta haɗe ƙafafu biyu. Duk wannan ban cire batir ba. Wayar da ta zo da rai, caji kawai take ƙi, a hannuna ta mutu, ba ta sake kunnuwa ba. Lambobin a cikin wayar suke, ba a kan sim ba.

Inna ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Ba komai ɗana, haka Allah ya so." Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Maigidana ya dawo ya saya mata wata waya, amma lambobi da hotuna sun tafi. Da ta fita ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wa ya ce maka dalma anka ce ka gasa? Wurin za ka gasa, dalma ita ka bi da kanta."

In ba ku riƙe komai ba a zaman yau, ku riƙe wannan magana tasa. Bari in gaya muku dalilinta.

Mutane da yawa suna ɗauka dalma kamar gam take, a shafa ta manne. A'a. Idan dalma ta narke a kan jan ƙarfe mai zafi kuma mai tsabta, tana ɗan cin fuskar ƙarfen, su gauraya a wani siririn tsakani da ido ba ya gani. Wannan gaurayar ce ke riƙe ƙafar kuma take barin wuta ta wuce. In ƙarfen da sanyi, gaurayar ba ta faruwa. Ku tuna man shanu. In aka zuba shi a tuwo mai zafi yana narkewa ya ratsa. In tuwon ya kwana ya huce, sai man ya daskare a sama ya zauna. Haka dalma take yi a kan ƙafa mai sanyi: tana zaune a kai, da ido kamar ta kama, amma ba ta kama ba.

Sai maganar tsabta. Jan ƙarfe in ya sha iska yana yin wata ƴar tsatsa, zafi kuma yana ƙara mata sauri. Dalma ba ta kama tsatsa. Shi ya sa ake sa wani mai da ake kira flus, wanda asalinsa ƙaron itace ne, yana cinye tsatsar daidai lokacin da wurin ya yi zafi. Wayar dalma da muke saye akwai flus a cikin cikinta. Hayaƙin da kuke gani yana tashi shi ne ke ƙonewa, kuma cikin ƴan daƙiƙu yake ƙarewa. To kun ga kuskurena. Da na narka dalma a bakin fer na ɗauko, flus ya riga ya ƙone a hanya, na kai busasshiyar dalma a wuri mai sanyi. Ko kwana zan yi ba za ta kama ba.

Yanzu kayan aiki. Ba sai ka tara dukiya ba. Fer mai wat 30 zuwa 60 ya isa mai koyo, kuma in da hali a sayi wanda ake iya daidaita zafinsa. Akwai ma masu aiki da batir na bolt 12, suna da amfani ranar da babu kuran. Game da bakin fer, masu koyo suna son mai tsini kamar allura, suna ganin shi ne na gwanaye. Mai ɗan faɗi kamar bakin kurfi ya fi, don yana taɓa wuri da yawa, zafi ya shiga da sauri. Sai wayar dalma siririya, milimita 0.8 ta yi, sai mazaunin fer, da soso mai ɗan damshi na goge baki, da almakashin yanke ƙafa, da hantsaki, da ɗan famfon zuƙe dalma, da multimetir. Wannan na ƙarshe kar ka ce sai daga baya. Shi ne idonka.

Dalma iri biyu ce, ya kamata ku san bambancinsu. Tsohuwar ita ce gaurayen kuza da darma. Za ku ga an rubuta 60/40 ko 63/37 a jikin ƙullin, lambar farko ta kuza ce. Mai 63/37 tana narkewa a digiri 183 daidai, mai 60/40 kuma tsakanin 183 da wajen 190. Kuzar nan ba baƙuwarmu ba ce, ita ce kakanninmu suka riƙa zuwa haƙa a Jos, kuma an haƙe ta a Elmeki cikin duwatsun Ayar. Ta biyun ita ce marar darma, wadda kusan duk kuza ce da ɗan azurfa da jan ƙarfe, tana narkewa wajen digiri 217. Tun daga Yulin 2006 dokar Tarayyar Turai ta taƙaita darma a cikin sabbin kayan lantarki, shi ya sa galibin wayoyin da ke hannunmu da marar darma aka haɗa su. In ka ga dalmar masana'anta tana yi maka taurin kai, dalilin ke nan, zafi take so fiye da wadda ka saba.

Ga mai darma, sa fer wajen digiri 320 zuwa 350. Ga marar darma, ƙara zuwa 350 ko 380. Wani zai ce, tunda a 183 take narkewa, me ya sa ba za a rage wuta ba don kar a ƙona allo? Nan ma akwai tarko. Fer mai sanyi-sanyi shi ya fi ɓarna, don sai ka daɗe a wurin, zafi ya yi ta ratsa allon har gam ɗin da ke riƙe jan ƙarfe ya saki. Zafi isasshe na ɗan lokaci ya fi zafi kaɗan na dogon lokaci.

Ga yadda ake like ɗaya, ku bi ni a hankali. Ka cire wuta, ka cire batir. Ka kafe allon kar ya motsa. Ka goge bakin fer a soso, ka shafa mishi ƴar dalma kaɗan har ya yi ƙyalli. Wannan ƴar dalmar ba ta like ba ce, gada ce da zafi zai bi. Ka ɗora bakin fer ya taɓa abu biyu a lokaci guda, ƙafar kayan da zoben jan ƙarfen da ke kan allo. Ka ƙirga ɗaya, biyu. Sai ka kawo wayar dalma ta ɗaya gefen, ta taɓa ƙafar, ba fer ba. In wurin ya yi zafi za ka ga ta narke ta zagaye ƙafar da kanta. Ka janye dalma tukuna, sannan ka janye fer. Kar ka hura, kar ka motsa, ka bar shi ya daskare. Duka aikin daƙiƙa uku ne zuwa huɗu. In ka kai shida bai yi ba, ɗaga hannunka, bari ya huce, goge, ƙara flus, ka sake. Dannawa da ƙarfi ba ta ƙara zafi, allo kawai take kashewa.

Like mai kyau yana da kama. Dalmar tana hawa jikin ƙafar kamar ɗan tsauni mai lanƙwasa ciki, ta rufe zoben duka, kana ganin kan ƙafar a sama. In mai darma ce tana ƙyalli. Marar darma takan ɗan dushe ko da ta yi kyau, kar wannan ya ruɗe ka. In ka ga ta dunƙule kamar ƙwallo, ko ta yi kaushi, ko akwai ɗan rami tsakaninta da ƙafa, wannan like mai sanyi ne. In ta haɗe ƙafafu biyu, gada ce, ka zuƙe ta kafin ka sa wuta. Kana gamawa ka sa multimetir a wurin da yake ƙara, ka tabbatar inda ya kamata ya haɗu ya haɗu, inda bai kamata ba kuma bai haɗu ba. Ka duba fuskar kaya: kondansater mai kamar ƴar gwangwani yana da zane a gefen ƙafar ragi, in ka juya shi yana iya fashewa. Ƙwan fitila na LED ƙafarsa doguwa ita ce ta ƙari.

Abu biyu da nake yawan gani a wurin yara. Na farko, bakin fer ya yi baƙi sai su sa shi a dutse ko takardar yashi su goge. Bakin nan jan ƙarfe ne a ciki, an lulluɓe shi da siririn baƙin ƙarfe. Ka kankare lulluɓin, dalma za ta cinye na cikin, ya rarake. Soso da sabuwar dalma su ne maganinsa, kuma in za ka kashe fer ka bar mishi dalma a baki. Na biyu, wasu suna ɗauko ruwan asid ɗin da masu gyaran radiyatan mota ke like da shi. Yana kamawa nan take, amma yana ci gaba da cin allon a hankali har ya yanke hanyoyin wuta. Wancan na masu radiyata ne, ba namu ba.

Ƙasarmu ma tana da nata sharaɗi. Lokacin zafi ba mai iya zama ba fanka, amma in iskarta na bugun tebur kai tsaye tana sanyaya fer. Ka juya ta ta bi ta gefe. Lokacin hunturu ƙura na sauka a kan allo, sai an goge da alkol kafin a fara. Kuma busasshiyar iskar nan tana tara wuta a jikin mutum, irin wadda kake ji ta ɗan tsunkule ka in ka taɓa ƙofar mota. Ƴar wannan ta isa ta kashe ƙwaƙwalwar waya. Ka taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka taɓa allo, kuma ka riƙe shi ta gefe.

To a kan me za a koya? Bayan abin da ya faru da Inna, maigidana ya jibge mini buhun matattun rediyo da caja da dekoda, ya ce, "Ka hidda ƙafa ɗari, ka maida ƙafa ɗari, sannan ka zo mu yi magana." Na yi sati uku a kan buhun nan. Na fara da haɗa waya da waya, in ja da hannu in ga ko za ta saki. Na koma manyan kaya masu ƙafa da ke ratsa rami. Sai da hannuna ya daina rawa ya bar ni na taɓa ƙananan da ake mannawa a fuskar allo. Injin iska mai zafi kuwa sai bayan wata shida. Matattun kaya suna nan zube a kowane gida. A kansu ake koyo, ba a kan wayar da wani ya yi adashi ya saya ba.

Yanzu maganar lafiya, kuma ina roƙo ku saurara da kyau. Darma guba ce. Ba ta fita jiki da sauƙi, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Kun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar darma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega. Namu bai kai wancan yawa ba, amma gubar ɗaya ce. A zafin fer darma ba ta tashi ta zama hayaƙi, hanyarta ita ce hannu zuwa baki. Mu kuma da hannu muke cin tuwo, muna aiki muna ɓare goro, muna karɓar kofin shayi. Na sha ganin yaro ya riƙe wayar dalma da haƙora don hannuwansa biyu na aiki. Ku daina. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku ci komai, ku tara gutsattsarin dalma a gwangwani mai murfi, kuma kar a yi aikin nan a ɗakin da jariri ke rarrafe.

Hayaƙin flus shi ma ba abin shaƙa ba ne, yawan shaƙarsa yana kawo asma. Ku yi aiki inda iska ke wucewa, ku kau da fuska. Ku sa tabarau, don dalma na fantsama. Kar fer ya kusanci batirin waya, yana iya kamawa da wuta. Manyan kondansater na cikin telebijin da inbata suna riƙe wuta ko bayan an zare su daga kuran, a auna kafin a taɓa. In fer ya suɓuce, ku bar shi ya faɗi. Ga tabon a tafin hannuna, na gwada cafewa sau ɗaya.

Wani zai ce, me ya haɗa ƙungiya irin tamu da wannan? Ku tuna watan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran ƙasar nan daga can yake zuwa. Kowa ya koma kan fitilar rana da fanka mai caji da ƙaramin panno. A watannin nan teburina bai taɓa zama fanko ba. Kuma abin da na fi samu in na buɗe shi ne waya ta tsinke, ko like ya tsage, ko kondansater ya kumbura. Gyaran minti goma ne, amma inda babu mai yi, sai a jefar a sayi sabo da kuɗin da ya kamata a sayi hatsi. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Namu rabon yana bola, yara suna ƙona shi don su ciri jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin. Duk fitilar da ka gyara ka rage wannan.

Amma akwai inda mu masu gyara muke da laifi, kuma gara a ji daga bakina. Like mai sanyi yakan yi aiki ranar da aka yi shi. Mai kaya ya biya, ya tafi yana godiya. Bayan sati biyu, zafi da girgizar kabu-kabu su tsaga shi, ya dawo, a ce mishi wata cuta ce sabuwa, ya sake biya. Shi ba ya ganin cikin wayar, kai kaɗai ka san abin da ka rufe da murfi. Wannan amana ce. Wanda ya san likensa bai yi ba ya rufe ya karɓi kuɗi, ya ci haram, ko da jika ɗaya ce.

Iyayen gidanmu na sana'a kuma, da girmamawa nake faɗa, yaro ba ya koyon like da sayen shayi. In kun karɓi ɗan mutane, ku ba shi fer da buhun matattun kaya tun satin farko, ku duba aikinsa. Da an yi mini haka, da wayar Inna ba ta mutu ba. Ƴan uwana mata, aikin nan ba ya son ƙarfi, natsuwa yake so da ido. Wadda ta iya zanen lalle ta riga ta mallaki hannun. Kuma mata da yawa za su fi sakin jiki su ba mace wayarsu da hotunansu a ciki. Masu diploma da ke jiran konkur, lissafin wuta da kuka yi a aji shi ne a kan allon nan, ku kun ma fi mu saurin ganewa. Jira bai hana koyo.

Ga abin da nake ba da shawara. Mutum biyar su haɗa kuɗi su sayi fer ɗaya mai kyau da multimetir ɗaya, su riƙa karɓa-karɓa. Ku je cibiyoyin koyon sana'a na kwaminku ku tambayi abin da ake koyarwa, ku tambayi yadda ake samun tallafin FAFPA, don an kafa ta ne saboda koyon sana'a. Ni kuma na yi alkawari, Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu zan zo da fer uku da dalma. Kowa ya zo da mataccen rediyo ko caja daga gida, da sabulun wanke hannu. Ba wanda zai tashi sai ya yi like goma na duba su ɗaya bayan ɗaya.

Inna mai ƙuli-ƙuli har yanzu wurina take kawo wayarta. Duk zuwan da ta yi sai ta ce, "Ɗana, ka cire batir?" Ni kuma in ce, "Na cire, Inna."

Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu. Allah ya sa albarka a hannuwanmu, ya ba mu halal.